Saniyar da Ba a Yanka Ba

Matan mahauta nake yi wa wannan rubutu. In mijinki ya dawo gida da ƙurji a hannu, mai ƙaiƙayi amma marar zafi, kada ki tsaya shafa masa man shanu kina yi masa sannu. Ki tambaye shi abin da ya feɗe. In ya kawar da kai, ki sake tambaya. Ni ban tambaya ba, sai da abin ya kusa kai mu maƙabarta.

Sunana Zuwaira, 'yar mahauci ce ni, kuma matar mahauci. Maigidana, wanda 'yan kasuwa ke kira Tanko, yana da teburin nama a kasuwar Garwa tun kafin a kai ni gidansa, zamanin shugaban ƙasa na farko, lokacin da hotonsa ke rataye a kowane shago. Wanda bai tashi a gidan pawa ba yana zaton nama mahauci ke sayarwa. Yarda yake sayarwa. Mai saye bai ga yanka ba, bai ji bisimilla ba, hannun mutum kawai ya amince da shi. Manyan gidajen Fulani masu tsantseni sukan aiko a ce na Tanko ake so, in ya ƙare a dawo da kuɗin. Wannan yardar muke ci, ita muke sha, kuma tsoron rasa ta ne ya kusa kashe shi.

Akwai wani Bature mai zane da ya liƙe wa Maigida. Sunansa ya ƙi zama a bakinmu, sai muka mai da shi Dauda. In aka ce masa Bafaranshe sai ya ɓata rai, wai shi daga Amurka yake. Ya gaya mana ubansa ma'aikacin mayanka ne a wani birni mai sanyi, inda ake rataye shanu a sarƙa suna wucewa a jere. Yana yaro kunyar warin uban yake ji, don haka ya gudu makarantar zane, ya yi shekaru yana zana furanni da fuskokin matan masu kuɗi, har abin ya ishe shi. Sai ya koma zanen nama. Matarsa ta kwashe kayanta, ni kuwa ban ga laifinta ba. Ya zo Garwa ne don ya ji har yanzu a nan da hannu ake yanka, a ƙasa, a fuskanci gabas.

Aikinsa ma abin kallo ne. Da safe ya je mayanka ya kife daro ya zauna, ba buroshi ba takarda, ƙuda na yawo a fuskarsa, shi dai kallo. Da rana ya koma gidan da ya kama haya a bakin kogi, ya kafa ƙyalle a bango da ƙusoshi, ya yi ta shafa fenti da wata tsohuwar wuƙa da ya roƙa wurin Maigida. In bai yi masa ba ya kankare ya sake. Matsarmamar shanu ma saye yake yi, wai tana sa launi ya kwanta. Ba ya zana fuskar mutum ko kaɗan, hannuwa kawai da nama. Yakan ci tuwo a gidanmu, Hausarsa rabi Fillanci rabi kame-kame, kuma ni na hana shi ci da hagu. Ban ƙi shi ba a lokacin. Na ɗauke shi mai ɗan taɓin hankali marar cutarwa.

Ciwon Maigida kuwa, a makon farko ɗan ƙurji ne a saman wuyan hannun dama. Maigida ya ce ƙwaro ne ya cije shi. Ya yi ta susa, ƙurjin ya yi ruwa, wasu ƙanana suka kewaye shi, sai tsakiyar ta lotsa ta yi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Na danna da yatsa, ya ce ko kaɗan ba zafi. Wannan rashin zafin ne ya yaudare ni. Ya ɗaure wurin da tsumma ya ci gaba da fita kasuwa.

Mako na biyu hannu ya kumbura har gwiwa, fatar tana ƙyalli, kaluluwa ta fito a hammata, zazzaɓi ya kwantar da shi. Nan fa gida ya cika da likitocin da ba su taɓa shiga makaranta ba. Goggo Dije, ƙanwar ubansa, ta zo da tabarmarta ta tare, ta yanke hukunci tun daga ƙofa cewa jifa ne, maƙwabcin teburinsa ne ya yi. Ta kirawo wanzami ya yi tsaga ya kafa ƙaho. Wani ya ce a kwaɓa kashin shanu da toka a shafe, aka shafe. Wani ɗan kasuwa ya kawo ƙwayoyi ja da rawaya da ya sayo ta Mayo-Oulo, aka fasa su aka zazzage garin a cikin ciwon. Mutum ɗaya ce ta yi maganar hankali, maƙwabciyarmu Rut, Kirista ce daga kan duwatsu, mai sayar da gyaɗa. Ta ja ni gefe ta ce mu tafi lopital, wato asibiti, tun da sauran hannu. Goggo ta ji, ta ce ba a tambayi arna ba.

Ba zan ɓoye ba, ƙyama na ji. Ruwa rawaya yana tsatsafowa ta tsagar wanzami, ya haɗu da kashin shanun nan, warin ya kama ɗaki, ya kama shimfiɗa, ya kama har gashin kaina. Ni da na girma ina wanke tumbi da hanji, in na gama wanke tsummokaransa sai na zaga bayan madafa na amayar da abin da na ci. Na yi masa maganar asibiti, mutumin da bai taɓa ɗaga mini murya ba ya daka mini tsawa. Na ɗauka zafin ciwo ne.

A mako na uku na daina neman izini, na kira mai mobilet, ɗan babur ɗin haya, aka ɗora shi. Mun isa da sassafe mun tarar da layi ya zagaye itatuwan darbejiya. Mai jin Faransanci ya wuce gaba, mai dogon wando ya wuce gaba, mu masu zane da tabarma muka gasu a rana har azahar. Ba mu ga dokto ba. Wani infirmiye, ma'aikacin jinya, mai suna Hamadu ne ya duba shi, ya toshe hanci, ya zage mu tas a kan kashin shanun, kuma da gaskiyarsa. Ya tambayi abin da ya same shi, Maigida ya ce wuƙa ce ta yanke shi. Na dube shi. Na san yankan wuƙa, na ɗaure masa shi ba sau ɗaya ba, wannan ba shi ba ne. Amma mace ba ta ƙaryata mijinta a gaban mutane. Aka wanke, aka shafa shuɗin magani, aka rubuta mana takarda. Akuyata da 'yan kunnena na aure a farmasi suka ƙare, kuma maganin bai yi komai ba.

Ba a jima ba kumburi ya haye kafaɗa ya nufi wuya, numfashi ya fara yi masa wuya. Ba zai iya zama a bayan mobilet ba. Mutum ɗaya na sani mai mota, sai na yafa mayafi na nufi bakin kogi, gidan da ban taɓa shiga ba.

Wari ne ya fara tarbata, na fenti da kananzir da wani abu a ƙarƙashinsu wanda hancin 'yar mahauci ba ya ɓata. Dauda ya shiga neman makulli, ni kuwa na tsaya a ƙofar ɗakin aikinsa. Zanen ya cika bango. Saniya ce kwance, an feɗe rabinta, ciki a kumbure, naman ba ja ba ne, wani irin baƙi-baƙi ne mai shuɗi, ga baƙin jini yana fita ta hanci. Idona ya tafi wuya, don nan idonmu ke fara zuwa. Wuyan lafiya lau, ba yanka. Mushe ce. A kan haƙarƙarinta kuwa ga hannu riƙe da wuƙa, ɗan ƙaramin yatsan guntu ne, wanda Maigida ya datse tun yana koyon aiki. Ta taga na hango fatar a shanye a bayan gida.

Da ya fito na nuna bangon na ce, "Dauda, wannan fa?"

Fuskarsa har haske ta yi. Ya ce wannan ne aiki mafi kyau da ya taɓa yi. Ya ba ni labari yana murna: a hanyar Pitoa suka gan ta, ta faɗi daga garke makiyaya sun bar ta, ya daɗe yana neman irin wannan launin, naman yanka ba ya ba da shi. Ya roƙi Tanko ya buɗe masa ita. Tanko ya ƙi, ya yi ta roƙo, har ya yarda bisa sharaɗin ba mai ji. Ai ba ci za a yi ba, in ji shi, kallo kawai.

Na ce, "Kai ka taɓa ta?"

Ya ce a'a, shi ba ya taɓawa, yana daga gefe ne.

A ranar na gane irin mutumin. Shi ya so, wani ya sa hannu. Amma dole in faɗi ɗaya gefen, don Allah na gani. Shi ya sunkuci Maigida a ƙirjinsa, da ruwan ciwon da warin da komai, ya sa shi a mota. Shi ya yi ta faɗa da Faransanci har aka samo gado, shi ya sa aka kira dokto, kuma daga ranar ban ƙara sayar da ko cokali ba. Na gode masa, ina gode masa har gobe, kuma ko ganinsa ba na son yi.

Ɗakin marasa lafiyan dogo ne, gado na gogar gado, bokitai a ƙarƙashi, ƙuda kamar a mayanka. Masu jinya muna girki a waje a kan duwatsu, iska na kaɗo mana warin masai a cikin miya. Dokton ɗan kudu ne, saurayi, ga alama ya gaji da duniya, ba Hausa ba Fillanci, sai Hamadu ya fassara. Ya daɗe yana juya hannun. Tsagar wanzami da shafe-shafe sun ɓata ciwon, ba a gane asalinsa. Ya sa a tambayi Maigida ko ya taɓa dabbar da ta mutu da kanta. Maigida ya ce shi Musulmi ne, mahauci ɗan mahauci. Dokto ya ɗaga kafaɗa, ya ce to gobe zai tsaga hannun ya fitar da mugunya.

Da suka wuce na sunkuya kamar ina gyara masa matashi, na ce masa na ga saniyar. Ya rufe ido. Ya lalubo bakin zanena da hannun hagu ya riƙe.

"Zuwaira, in kin faɗa kin kashe ni. Hamadun nan surukin Sarkin Pawa ne."

Na sani. Na kuma san dokto ba zai yi wannan tambayar a banza ba. Na fita na sami Dauda a kan benci, na ce shi ya gaya wa dokto da Faransanci, a ɓoye, tunda shi ya jawo. Ya ce ya yi wa abokinsa alkawari, ba zai karya ba. Ji mutum! Ya iya sa bawan Allah feɗe mushe, amma alkawari ne ba zai iya karyawa ba. Da muka koma ciki kuma na kama shi yana kallon kumburarren hannun nan da irin kallon da yake yi a mayanka, ya karkata kai, ya ƙanƙance ido. Na san launi yake aunawa. Da ina da abin duka a hannu da na kwaɗa masa.

Washegari da hantsi mahauta suka zo dubiya, sun kewaye gadon suna ta Allah hoynu, wato Allah ya sauwaƙe, har da ƙanen Sarkin Pawa. A daidai lokacin dokto ya shigo, Hamadu na biye da shi da farantin wuƙaƙe. Na so su watse, ba su watse ba. Na dubi wuyan Maigida, ya kumbura har ya shafe haɓa. Sai na ji bakina yana cewa ya feɗe saniyar da ta mutu da kanta, fatar ma tana nan.

Hamadu bai fassara ba. Ya matso ya yi ƙasa da murya ya ce, "Hajiya, kin san abin da kike faɗa kuwa?"

Ban taɓa zuwa Makka ba, ranar ce kawai na zama Hajiya. Na ga so yake ya rufa mana asiri, ya bar dokto a duhu. Sai na ɗaga murya na maimaita da Fillanci, yadda har na gadon ƙarshe zai ji, na nuna Dauda na ce a tambayi wancan. Dauda ya sunkuyar da kai, ya faɗa wa dokto da bakinsa. Dokto ya ture farantin gefe ya ce, "Sharbon." Kalmar nan ta zauna mini har yau. Ya sa aka gaya mini cutar shanu ce, da ya tsaga hannun da ta bi jini, da kuma sai dai wani ba shi ba. Kafin in juya, mahautan nan sun zare jiki ɗaya bayan ɗaya, ko sallama babu.

Aka shiga yi masa allura ba dare ba rana, har mazaunansa suka ƙi karɓa aka koma cinya. Zazzaɓi ya sauka, kumburi ya fara ja da baya. Dokto ya kai rahoto ofishin dabbobi, don doka ce. Suka je suka ƙone fatar, suka nemo inda aka yar da gawar suka zuba farar ƙasa, suka rufe teburinmu. Sai ga Sarkin Pawa da kansa a asibitin, dattijo, abokin ubana. Bai zauna ba, bai yi faɗa ba. Tambaya ɗaya ya yi.

"Tanko, da wace wuƙa?"

Maigida ya juya fuska bango. Ni wannan tambayar ba ta zo mini ba sai da na ji ta. Da wuƙar aikinsa ya yi. Ya wanke ta da yashi a kogi, washegari ya koma tebur da ita ya yanka wa mutane nama, ya kuma kawo mini na miya. Allah ya tsare, ba wanda ya kamu. Amma ina tsaye a wurin na tuna miyar da na yi a wancan makon, da yadda na suɗe ƙashi.

Ya yi makonni kafin a sallame mu. Baƙin ɓawon ya faɗi da kansa, ya bar rami, yatsu biyu suka sandare. Ya dawo gida da ransa da hannunsa, ya tarar an ba wani teburinsa. Ya daina yi mini magana. In yana son ruwa sai ya gaya wa Goggo, ko ya gaya wa bango. Goggo kuwa ta bi gida-gida tana cewa dogon harshena ne ya rushe gidan ɗanta, kashin shanunta ba ya cikin lissafi. Rut ce kaɗai ke shigowa da kunu. Ni ma ina da nawa ciwon da ban gaya wa kowa ba: tun ranar da na ga zanen nan nama ya ƙi wuce mini maƙogwaro. Ko ƙamshin suya na ji a hanya sai yawu ya taru mini a baki.

Na je na roƙi Dauda abu ɗaya, ya kankare hannun daga zanen, tunda kankarewa ba baƙon abu ba ne a wurinsa. Idonsa ya kawo ruwa, ya ce komai na roƙa zai yi ban da wannan, hannun shi ne zanen. Ya naɗe shi ya aika ƙasarsu. Daga baya mun ji wai a wani babban zaure aka rataye shi, mutane na bin layi su kalla, kuma da shi sunansa ya fita. Ban san me suke gani ba. Ni mushe na gani, da hannun mijina.

Babbar Salla ta zo. A da, ranar Maigida ba ya zama, layinmu kaf shi ke feɗe musu, sai la'asar yake dawowa da kawuna da ƙafafu. A shekarar kuwa ya sayi sabuwar wuƙa, ya wasa ta, ya shimfiɗa tabarma a ƙofar gida bayan an sauko idi. Mutane suka yi ta wucewa suna yi masa barka da salla daga nesa, kowa da wani mahaucin a bayansa. Ba wanda ya kira shi.

Sai ga motar Dauda da rago a baya, ya ce kyauta ce ta ban kwana, zai koma gida. Na hango akwatin fentinsa a kujerar gaba. Na ce masa in ya sauko da shi a masai akwatin zai kwana. Ya bar shi a motar. Maigida ya daɗe yana kallon ragon, sannan ya tashi ya fuskantar da shi gabas, ya yi bisimilla da ƙarfi yadda maƙwabta za su ji, ya yanka. Ya feɗe shi a hankali da sandararrun yatsun nan, fatar ta fita ko huda ɗaya babu. Dauda ya ci hanta, da hannun dama, ya yi sallama ya tafi. Ba mu ƙara ganinsa ba.

Na soya naman ina ɗauke numfashi. Na zuba a kwanuka na kai wa maƙwabta da kaina, gida-gida, kamar yadda aka saba. Kowa ya karɓa da fara'a. Kafin la'asar kwanukan suka fara dawowa, a rufe yadda na kai su, wannan ta ce nama ya yi musu yawa, waccan ta ce maigidanta ba ya cin mai. Na Rut ne kawai ya dawo a wanke. Na jera sauran a tsakar gida, Maigida na zaune a bakin ɗaki yana kallonsu.

Na jawo tabarma na zauna a gabansa, na buɗe kwano ɗaya, na ɗauki tsoka na sa a baki. Zanen nan ya taso mini gaba ɗaya, da baƙin naman da jinin hancin. Na tauna, na haɗiye, ya taso, na sake haɗiyewa, hawaye na zuba. Na ɗauki ta biyu.

"Bari, Zuwaira," in ji shi. Rabon da ya kira sunana tun a gadon asibiti. "Na san ƙyama kike ji."

Na ce, "Ina ji. Miƙo mini wancan kwanon."

Ya miƙo mini da hannun daman, ya matso ya sa nasa hannun a ciki.